Babi na 7: Idan Murhun Tukunyar Ɗumama Gida Ya Ƙi Kamawa

A ƙasashen da sanyi ke tsananta, gidaje da yawa suna da tukunya mai dafa ruwa, ruwan ya bi bututu ya zagaya ɗakuna ya ɗumama su. Wasu tukwanen da kananzir ko dizal suke aiki, daga tankin da aka girke a waje ko a ɗakin ƙasa. Mai kunna musu wuta shi ne murhun da ke manne a jikinsu, kuma yawancin matsala daga nan take tasowa.

Murhun nan yana da tsari guda da yake bi duk sanda zai kama. Ɗaki ya yi sanyi, ma'aunin zafi ya ba da umarni, sai moto ya tashi. Moton nan ɗaya shi ke juya fanka, shi ke juya famfon mai. Fanka za ta fara hura iska na 'yan daƙiƙoƙi don ta kore tururin man da ya saura a ɗakin wuta. Taransifoma kuma tana aika wajen bolt 10,000 zuwa wasu siraran ƙarafa biyu, tartsatsi na tashi tsakaninsu. Sannan bawul ya buɗe, famfo ya tura mai ta nozul, wato ɗan bakin feshi mai ƙanƙanin rami, man ya fito kamar feshin turare, ya kama. Akwai wani ɗan ido mai ganin haske. In bai ga wuta ba cikin lokacin da aka ɗibar masa, daƙiƙa 10 ko 15 a yawancin sababbin murhuna, sai akwatin sarrafawa ya kashe komai, jan maɓalli ya haska. Murhu ya kulle kansa ke nan.

Jan maɓallin ba ya gyara komai, sake gwadawa kawai yake yi. Ku danna sau ɗaya, iyaka sau biyu. Duk dannawa mai ne ke feshuwa cikin ɗakin wuta. In ya taru ya zo ya kama gaba ɗaya, sai ku ji ƙara mai girgiza gida, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, wani lokaci har tukunyar ta lalace. Saboda haka kada a ɓata dannawar nan ɗaya: ku tsaya kusa, ku kasa kunne, ku ji a ina tsarin ya tsaya.

In shiru kuka ji, a duba lantarki: makunni, fiyus, da ma'aunin zafin ɗaki. Akwai kuma makarin zafi a jikin tukunya wanda ke yanke wuta in ruwa ya yi zafi fiye da kima, shi ma da hannu ake mayar da shi. In moto na gunji amma ba ya juyawa, galibi kafasita ce, wato 'yar na'urar da ke taimaka wa moto tashi, ta mutu, ko famfo ya cije.

Abin da aka fi gani shi ne moto ya tashi, fanka ta yi ta hurawa, wuta ba ta kama ba. To, ko mai ne bai iso ba, ko tartsatsi ne babu. A fara da mai. Ma'aunin tanki yakan maƙale ya nuna rabi alhali tankin ya bushe, don haka a zura sanda mai tsabta a gani da ido. A tabbata bawul ɗin tanki a buɗe yake. A kan bututun mai akwai bawul ɗin kariyar gobara mai rufe kansa in ya ji zafi, shi ma a duba ko ya rufe. Sai filta. A rufe mai, a tara kwano, a kwance ta. Baƙin laka ko ruwa a gindin kwanon alama ce tankin na buƙatar wanki: raɓa na taruwa a cikin tanki, ruwa kuma ya fi mai nauyi, sai ya kwanta a ƙasa, daidai inda bututu ke zuƙa. Dizal kuwa yakan yi kauri a tsananin sanyi ya toshe filta, abin da kananzir bai cika yi ba.

In tanki ya ƙare aka sake cikawa, iska ta riga ta shiga bututu, sai an fitar da ita. A jikin famfo akwai ɗan noti na fitar da iska. A sa masa siririn tiyo zuwa cikin gwangwani, a sassauta shi rabin juyi, a kunna murhu. Da farko kumfa ce za ta riƙa tofowa, daga baya mai ya fito garau ba yankewa, sai a ɗaure. In ko ɗigo bai fito ba, a duba ɗan robar da ke haɗa moto da famfo. Yakan cinye, moto na juyawa famfo na tsaye.

Kafin a taɓa ɓangaren tartsatsi, a kashe lantarki daga makunni. Bakin ƙarafan biyu yana cinyewa, ko kunkunniya ta rufe shi, ko farin tangaran ɗin da ke riƙe su ya tsage wutar lantarki ta riƙa zurarewa ta nan. Tazarar da ke tsakaninsu kusan milimita 3 ce, amma kowane murhu da awonsa a littafinsa, kuma littafin ake bi.

Wuta ta kama sarai, bayan 'yan daƙiƙoƙi ta mutu? Idon ne ya yi datti, yawanci. A zaro shi, a goge da ƙyalle mai laushi, a mayar yana fuskantar wuta. Sai dai a tambayi abin da ya baƙanta shi, don murhu mai lafiya ba ya yin kunkunniya.

Nozul ba a wanke ta, ba a tsokane ta da allura. Ramin ya yi ƙanƙanta, ɗan ƙarzane kaɗan ya isa ya karkatar da feshin. Canza ta ake yi kowace shekara, da irinta sak. In an rubuta 0.65 da 80° a jikinta, ma'anarsa galan 0.65 na Amurka a awa ɗaya, wato kusan lita 2.5, a matsin bar 7, feshin kuma na buɗewa digiri 80. Wata lambar daban za ta sauya girman wutar da siffarta.

Daidaita iska da matsin famfo aikin ƙwararre ne mai na'urar auna hayaƙi. Ido ba ya iya wannan awon: wuta na iya yin kyau a gani alhali tana fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kisa. A sa ƙararrawar gano ta kusa da tukunya. In kun ga hayaƙi a ɗaki, ko kunkunniya a bakin tukunya, ko mutanen gida na ciwon kai da jiri a tare, a kashe murhu, a buɗe tagogi, a fita waje, a nemi likita. Kada a sake kunnawa sai ƙwararre ya duba bututun hayaƙi ya auna.