Bututu ya maƙale a rijiya: kurakuran da ke mayar da matsala ɗaya ta zama biyu

Duk mai haƙa rijiyar burtsatse, idan ya daɗe a sana'ar, wata rana bututu zai maƙale masa a ƙasa, ko ya tsinke ya bar rabi a ciki. Wannan kaɗai ba abin kunya ba ne. Abin da ke ba ni takaici shi ne yawan rijiyoyin da ake asararsu a sa'o'in farko bayan maƙalewar, saboda an fara ja da ƙarfi ana zura ƙarfe kafin a san abu uku: me ya riƙe bututun, a wane zurfi ya riƙe shi, kuma yaya kansa yake a can ƙasa. Kusan duk kurakuran da zan ambata daga rashin sanin waɗannan suke tasowa.

Ja kafin a san dalili

Da zarar bututu ya ƙi motsi, hannun mai injin yakan tafi wurin ja sama. Sau da yawa wannan jan shi ke ƙara ɗaure shi. Ka'idar da masu sana'a suka daɗe da yarda da ita mai sauƙi ce: ka tuna inda bututun ya nufa lokacin da ya maƙale, sai ka nemi kuɓutar da shi ta ɗaya gefen. Idan ana fitowa da shi ne ya cije, ƙasa za ka tura shi. Idan ana saukar da shi ne, to sama za ka ja.

Kafin komai, ka gwada abu biyu, wato ko bututun yana juyawa, da ko ruwan lakar da famfon injin ke turawa ta cikin bututun yana zagayowa ya fito. Amsar ita za ta nuna maka ciwon. Idan matsin famfo ya hau, ruwan da ke dawowa ya ragu ko ya tsaya, to ɓarɓashin dutse ne ko yashi ya rufto ya cushe kewayen bututun. Kuskuren da ake yi a nan shi ne a buɗe wa famfo wuta da nufin a ture cushewar. Matsi mai yawa yana ƙara danƙare ɓarɓashin ne, wani lokaci ma ya fasa bangon rijiyar ruwan ya zurare cikin ƙasa. Ka fara da matsi kaɗan, kana ɗan murɗa bututun kana motsa shi, har ka ga ruwa ya fara dawowa, sannan ka ƙara a hankali.

Idan kuwa bututun yana juyawa, yana sauka ƙasa, ruwa na zagayawa, amma duk lokacin da ka ja sai ya cije a wuri ɗaya, to ramin ya karkace, jikin bututu ya ci wani siririn kwari a bango, mahaɗa mai kauri ta zo ta kasa wucewa. Ja ba zai raba wannan ba. A koma ƙasa, a riƙa juyawa ana hawowa sannu sannu har a faɗaɗa wurin.

Akwai na uku, wanda ya fi ruɗa mutane. Ruwa na zagayawa lafiya lau kamar ba abin da ya faru, amma bututun ba ya juyawa, ba ya hawa, ba ya sauka, kuma yawanci hakan na faruwa ne bayan an bar shi tsaye na ɗan lokaci a gaban yashi mai shan ruwa. Matsin lakar haƙa ne ya manna shi da bango. Ga lissafin da zai sa ka gane ƙarfin abin. Kowace mita 10 ta ruwa tana ba da matsi kusan ba 1 (ba, wato bar, ma'aunin matsi ne). A zurfin mita 100, laka mai nauyin ruwa sau 1.2 tana danna bango da kusan ba 12. Idan ruwan ƙasa a wurin yana tsayawa ne a mita 30 daga sama, matsinsa kusan ba 7 ne. Bambancin ba 5 ke nan, wato kusan tan 50 a kan kowace murabba'in mita. Bututun da ya jingina da bango tsawon mita 10 da faɗin santimita 5 kacal, ana danne shi da kusan tan 25. Maganinsa a rage nauyin lakar, a ci gaba da zagaya ruwa, a murɗa bututun sannan a sake masa nauyi ƙasa. Sinadarin fosfet mai warware laka yana taimakawa wajen sassauta abin da ya manne. A rijiyar man fetur akan zuba ruwa mai haɗin mai a wurin, amma don Allah kada wani ya kwaikwayi wannan ya zuba gas ko baƙin mai a rijiyar da mutane za su sha.

Rashin sanin inda aka riƙe

Ƙarfe yana miƙewa idan an ja shi, kuma ɓangaren da ba a riƙe ba ne kawai ke miƙewa. Saboda haka za ka iya kimanta zurfin maƙalewar daga sama. Ka ja har ka ɗauke nauyin bututun, ka yi alama da alli daidai bakin teburin injin, ka ƙara ja da wani nauyi sananne, ka sake yin alama, ka auna tazarar. Misali, bututun da kaurin naman ƙarfensa a yanke ya kai murabba'in milimita 2,000, idan ƙarin jan tan 5 ya miƙar da shi santimita 1, to kusan mita 83 ne ba a riƙe ba. Ka lura da hatsarin: kuskuren milimita 2 a awo zai kauce da kai fiye da mita 16. A rijiya marar zurfi wannan awon kimantawa ne kawai, don haka a maimaita shi sau da dama. A manyan rijiyoyi ana zura na'ura ta waya cikin bututun ta nuna ainihin wurin, sannan a kwance ko a yanke bututun daga saman inda aka riƙe.

Wanda ya yi ƙoƙarin kwance bututu ta juya shi hagu ba tare da wannan sanin ba, ba shi ne zai zaɓi mahaɗar da za ta kwance ba. Tana iya kwancewa kusa da sama, ya bar dogon bututu a ciki fiye da yadda ya kamata.

Littafin awo ma a nan yake da amfani. Duk abin da zai shiga rami, a rubuta tsawonsa da faɗinsa na waje da na ciki da irin haƙoran ɗaurinsa, tun yana sama. Bayan ya tsinke ba ka da damar aunawa. Idan guntu ya fito, kada a jefar da shi gefe. Ka ɗauko shi ka duba bakin karayar da kyau, domin ɗan'uwansa da ke ƙasa kamanninsa ke nan a juye.

Zura makami a makance

Idan ba ka san siffar kan bututun ba, akwai hanyoyi biyu na dubawa. Kyamarar rijiya tana aiki idan ruwan ya yi garau, a cikin laka kuwa ba abin da za ta nuna maka. Sai tambarin dalma, wato guntun ƙarfe da aka lulluɓe ƙasansa da dalma mai taushi. Ana saukar da shi a hankali a ɗora shi a kan bututun sau ɗaya tak, ba juyawa, sannan a fito da shi. Zane mai zagaye a tsakiya yana nufin bututun na tsaye kuma bakinsa lafiya. Rabin zagaye a gefe yana nufin ya jingina da bango, sai an sa makami mai lanƙwasasshen baki da zai janyo shi tsakiya. Idan yashi kawai ka gani a fuskar dalmar, to ƙasa ta rufe kansa, wanki za ka fara yi. Waɗanda ke dankara tambarin sau biyu ko uku suna samun zane a kan zane, su ɓata rana guda ba su karanta komai ba.

Daga nan ne ake zaɓen makami. Makamin da ake kira obashot yana haɗiye kan bututun ya cafke shi ta waje, kuma shi ya fi dacewa a fara da shi idan akwai sarari tsakanin bututun da bango, domin yana jure ja mai ƙarfi, ana iya tura ruwa ta cikinsa, kuma ana iya sakinsa ta hanyar dukansa ƙasa da juya shi dama ana ɗagawa. Amma haƙoran cikinsa dole su dace da faɗin wurin da za a kama. Masu kama jikin bututu ba su ne masu kama mahaɗa ba, kuma tsohon bututu ya riga ya sirance, awon da ke takarda ba zai yi masa daidai ba. Mashi kuwa ta ciki yake shiga ya buɗe haƙoransa, shi ake amfani da shi a kan bututu mai faɗi irin na kariyar bango, inda babu sarari ta waje.

Akwai kuma masu yanka wa kansu haƙora: tsinin ƙarfe mai siririn baki da ake murɗawa cikin bututun, da ɗan'uwansa mai kama da ƙararrawa da ke murɗuwa ta waje. Suna da sauƙin aiki, shi ya sa ake saurin ɗaukarsu. Aibinsu babba ne, idan sun kama ba sa saki. In abin da ke ƙasa ya ƙi tasowa, to kai ma duk bututunka ya maƙale tare da shi, garin neman gira an rasa ido. Kada ka zura ɗayansu sai da mahaɗar tsira a samansa, wadda aka ƙera don ta kwance cikin sauƙi ka fito da sauran kayanka. Tsinin kuma yana iya tsaga bututu mai siririn jiki ya buɗe bakinsa, har obashot ya kasa haɗiye shi daga baya. Idan bakin ya riga ya lalace, a fara zura magogi ya daidaita shi.

Abin da nake so kowa ya tambayi kansa kafin ya saukar da kowane makami shi ne: in wannan ya tsinke a ciki, da me zan ciro shi? Ƙugiyar da mai walda ya haɗa da guntun rodi cikin gaggawa tana iya yin aiki a kan abu marar nauyi, amma idan waldar ta ɓalle, guntun yakan faɗa ya cusu tsakanin bututu da bango, ya zama ƙusar da ta kulle komai.

Ja a tsaye kawai ba ya cika raba abin da ya cije. Bugu ne ke raba shi, shi ya sa ake haɗa mabugi a saman makamin, da bututu masu nauyi a samansa don bugun ya yi ƙarfi. Idan yashi ko laka ce ta binne bututun, bugu ma ba zai wadatar ba sai an zura bututun wanki, mai faɗin da zai lulluɓe wanda ya maƙale, a wanke kewayensa gaɓa gaɓa.

Ƙananan abubuwa ba sa buƙatar dogon bayani. Maganaɗisu yana kama ƙarfe, amma ba ya kama tagulla ko alminiyam ko roba, kuma yawancin ƙarfen da ba ya tsatsa ba ya manne masa. Waɗannan sai kwandon tarkace. Mafi sauƙi duka shi ne a rufe bakin rijiya duk lokacin da babu bututu a ciki, domin sufana ɗaya ta isa ta tsayar da aiki.

Idan famfo ne ya faɗa

Famfo mai nutsewa idan ya tsinke ba shi kaɗai yake tafiya ba. Waya da igiya suna binsa su cukurkuɗe a kansa. Wanda ya zura makami mai nauyi kai tsaye zai danna wayar ta dunƙule ta toshe rijiyar. A fara da siririn mashi mai ƙayoyi, a shiga saman wayar kaɗan, a juya, a fito da abin da aka samu, a sake komawa. Aiki ne na haƙuri. Sai an share wayar sannan a nemi kan bututun. Idan bangon rijiyar na roba ne, a kula ƙwarai, domin ƙarfe mai kaifi yana fasa shi, tsakuwar da ke bayansa ta zubo ta binne famfon.

A duk wannan aikin, hasumiyar injin da igiyar ƙarfe da bututun kansa kowanne yana da iyakar nauyin da zai ɗauka. Ka san mafi rauni a cikinsu, ka tsaya ƙasa da iyakarsa. Kada a ɗaura wa mota ta ja, kuma a kawar da kowa daga kusa da igiyar da ke cikin ja, domin idan ta tsinke ba ta jira a kauce.

Akwai kuma lokacin da ya kamata a haƙura. Kowace rana da ta wuce, laka na ƙara kumbura, bango na ƙara rufta, damar cirowa na raguwa. Tun ranar farko ka zauna da mai rijiyar ku lissafa darajar kayan da ke ciki da kuɗin haƙa wata rijiyar, ku kwatanta da abin da ake kashewa kullum a kan injin da ma'aikata, ku yanke ranar da za a tsaya. A rijiya mai zurfi sosai akan zuba siminti a saman abin da ya maƙale a kauce a ci gaba da haƙa ta gefe. A marar zurfi sau da yawa sabon rami ya fi sauƙi. Idan an yanke shawarar barin tsohon, a cike shi da siminti ko bentonait, wata laka mai kumbura, tun daga iya inda aka kai har sama, domin ramin da aka bari a buɗe hanya ce da ƙazantar sama za ta bi ta gangara cikin ruwan da sabuwar rijiyar za ta ɗebo.