Yadda Ake Tantance Tsohon Takobin Yaƙi Kafin a Saya

Da wuya a kawo maka tsohon takobi a Sakkwato ba tare da an haɗa shi da labari ba, kuma galibi labarin guda ne, wato da shi kakan wane ya fita fagen yaƙin Giginya ranar da Turawan Ingila suka ci garin a watan Maris na 1903, zamanin Sarkin Musulmi Attahiru. Ka saurari dillali da ladabi, sannan ka roƙi a zare takobin daga kube a fito da shi haske, domin ƙarfen ne zai gaskata labarin ko ya ƙaryata shi.

Abin da ya kamata ka fara ganewa shi ne, takobin ƙasar Hausa kan haɗa zamani uku a jiki ɗaya. Ruwansa, wato ƙarfen mai kaifi, zai iya haura shekara ɗari da hamsin, amma maƙeri ya sake masa mariƙi daga baya, baduku kuma ya ɗinka masa sabon kube da hamila saboda hawan salla. Wannan ba aibi ba ne, haka gidajen sarauta suke riƙe kayansu, sai dai kuɗinka ya bi shekarun ruwan takobin. Da yawa daga cikin tsofaffin ruwan takubba an ƙera su ne a Turai, musamman garin Solingen na Jamus, fatake suka ƙetaro Sahara da su. Akan ga tambarin jinjirin wata guda biyu masu fuska a kusa da tsagin da ke tsakiyarsu, amma maƙeran gida ma sun daɗe suna buga irinsa, saboda haka tambarin kaɗai bai isa shaida ba.

Ka riƙe takobin, ka ɗan lanƙwasa shi a hankali da izinin mai shi. Tsohon ƙarfe mai kyau ba shi da nauyi, yana sirancewa zuwa tsini, kuma yakan miƙe da kansa idan an sake shi. Wanda aka ƙera kwanan nan da sifirin mota yakan yi kauri da nauyi, kana kuma iya ganin zanen injin wasawa a jikinsa. Tsatsar shekaru baƙa ce, ta kwanta cikin ƙarfe nan da can, ita kuwa ja mai kama yatsa, damina ɗaya a ƙarƙashin ƙasa ta isa ta samar da ita.

Idan kuwa takobin hafsan Turawa ne, aikinka ya yi sauƙi. Samfurin 1897 na sojan ƙasa yana ɗauke da harufan sarautar Ingila a kan makarin hannu: VR na Sarauniya Biktoriya wadda ta rasu a 1901, ER VII daga 1901 zuwa 1910, sai GR V daga 1910 zuwa 1936. Takobin da ke da GR bai halarci Giginya ba, komai daɗin bakin mai sayarwa. Na kamfanin Wilkinson suna da lamba a gadon bayan ruwan, wadda ake iya gano shekarar ƙira da ita, mariƙinsu kuma fatar kifi ce aka naɗe da waya.

Kada ka yarda da wanda aka kankare da sanfefa har yana walƙiya, domin an goge abin da za ka biya kuɗi a kansa. Kafin ka yi tayi, ka leƙa Gidan Tarihi na Waziri Junaidu domin idonka ya saba da kayan da suka tsufa da gaske.

Saura batun doka, wanda masu sha'awa kan yi wa riƙon sakainar kashi. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta sanya makamin da aka ƙera a gida kafin 1918 cikin kayan tarihi, ta taƙaita cinikinsa ga dillalan da hukumar ta amince da su, ta kuma hana fitar da shi waje ba tare da izini ba. Idan bincikenka ya nuna takobin ya kai waɗannan shekaru, to, ka tuntuɓi jami'an hukumar kafin kuɗi ya bar hannunka.