Kurakuran da muke yi wajen ɗauko mai haɗa ƙofar gareji

Jama'a abin nan yana damuna wallahi, mutum zai kashe miliyoyi ya gina gida ya sayi mota, amma da an zo kan ƙofar da za ta tsare motar sai kaji ya ce a nemo masa duk mai waldan da ya fi arha, bayan damina ɗaya kuma ƙofa ta fara cijewa sai an taru mutum biyu ana turawa.

Babban kuskuren shine yarda da hoto. Zai turo maka hotuna a WhatsApp masu ƙyalli, alhali sabon fenti ba abin da baya rufewa, wani ma hoton ba aikinsa bane. Kace ya kai ka gidan da ya yi wa aiki shekara biyu da suka wuce, ka tura ƙofar da hannunka, ka duƙa ka duba ƙasanta inda ruwa ke kwanciya ko tsatsa ta ci, sannan ka ja maigidan gefe ka tambaye shi, in ta samu matsala oga yana ɗaga waya kuwa? Wannan amsar ta fi min duk wani ragin kuɗi. Shi yasa nake cewa a ɗauki na kusa mai shago tsayayye, wanda in ya ƙi zuwa kasan inda zaka same shi.

Sai awo ta waya, wai "ƙafa goma ce oga", a'a dan Allah, ya zo da tef ɗinsa ya auna. Rola, wato ƙofa mai naɗewa sama, tana buƙatar fili a sama inda za ta naɗe, mai zamewa gefe kuma tana buƙatar bango mai tsawon da za ta shige gaba ɗaya, kuma in ƙasan ba a miƙe yake ba dole a gyara siminti kafin a kafa layin da tayoyi za su bi. Ka tuna da tsayin motar da kake burin saya ma.

Maganar ƙarfe kuwa nan ake cutar mutane sosai. Za a ce maka mai kauri za a sa, a kawo mai kaurin milimita 0.8 a maimakon 1.2 ko 1.5, kai kuma da ido ba zaka gane ba sai ranar da iskar farkon damina ta lanƙwasa ta. Ku rubuta a takarda, kaurin ƙarfe, girman bututu, irin boris da tayoyi, da ranar gamawa. In da hali ku tafi tare a sayo kayan, kasuwar Ƙofar Ruwa in kana Kano, kasuwar Panteka in kana Kaduna. Kuma kar a fesa fenti sai ka ga an goge walda an shafa jan fentin nan mai hana tsatsa da idonka. Kuɗi kuma kar ka bada duka, kafin alƙalami na kayan aiki, ciko sai an kafa ka buɗe ka rufe ka gamsu.

Masu son ta rimot, kusan kowane inji yana da nauyin da yake iya ja, misali Centurion D5 kilo 500 ne iyakarsa, in ƙofar ta fi haka wahalar da shi kawai za ayi. Ka tabbatar yana da batir saboda halin wutarmu, a nuna maka yadda ake sakinsa da makulli a tura da hannu, kuma a sa na'urar da ke tsayar da ƙofa in yaro ya gitta, wannan kam ba abin yi wa rowa bane. Iya walda daban, iya haɗa waya daban, ka tambaye shi waye zai yi ɓangaren wutar.

Wajen gyara ma haka, rola ta yi nauyi sai a kira yaron unguwa ya kwance sifirin, alhali a ɗaure yake da ƙarfi sosai, in ya kufce yana iya karya hannu ko ya fasa fuska. A bar wa wanda ya saba. Sannan a ƙofa mai zamewa gefe a daina labta baƙin mai a layin ƙasa, ƙurar hunturu yake tarawa ya zama taɓo, tsintsiya kawai layin yake so, giris kuma a boris ake sawa.