Kafin ka cire fikof ɗin jitarka: kurakuran da na fi gani a Jos

Wata Asabar cikin sanyin Disamba wani saurayi ya shigo shagona daga Tudun Wada, jita rataye a baya, leda a hannu. Cikin ledar fikof ne guda biyu sababbi fil, ya ce tarin wata uku ne ya zuba a kansu. "Kawu, a cire mini na cikin nan, sun mutu. Duk ran Lahadi sai ƙugi, har shugaban mawaƙa ya fara hararata." Na jona jitar a amfilifayata da kebul ɗina, na murɗa. Tsit, sai ɗan huci wanda sai ka kasa kunne za ka ji. Fikof ɗin cikin jitarsa lafiyarsu ƙalau.

Ga wanda bai saba ba, fikof a nan ba motar a-kori-kura ba ce. Shi ne ɗan abin nan da ke kwance ƙarƙashin tsirkiya: maganaɗisu ne aka naɗe da wayar jan ƙarfe siririya kamar gashin kai, naɗi wajen 8,000 a irin na jitar Stratocaster. Tsirkiyar ƙarfe in ta girgiza a samansa sai ta haifar da 'yar wuta kaɗan, ita ce amfilifaya ke kumburawa ta zama sauti. To amma shi fikof mai naɗi ɗaya ba ya tantance tsirkiya da sauran tarkacen wuta. Wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wannan ƙugin da ake ji muryarta ce. Don maganinsa ne Seth Lover na kamfanin Gibson ya haɗa naɗi biyu masu saɓa wa juna, ƙugin ɗaya ya kashe na ɗaya, wato hambaka, wadda ta hau jitar Les Paul a 1957.

Kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane shi ne ɗora wa fikof laifin kowace ƙara. Kafin ka sa hannu a aljihu, yi gwajin nan. Tsaya da jitar ka juya jikinka a hankali. In ƙugin yana ƙaruwa yana raguwa da juyawarka, fikof ne ke kwaso shi daga wani abu a ɗakin, tiransifoma ko fitila ko ita kanta amfilifayar. Matsa nesa da su. In jitarka mai fikof uku ce, kai makunnin zaɓen fikof matsayi na 2 ko na 4, yawancin na yanzu an yi na tsakiyar a juye don ya yi aikin hambaka a wuraren nan. Sai ka taɓa tsirkiya: in ƙarar ta lafa, wayar ƙasa ta cikin jitar, wadda ke kwashe tarkacen wuta, tana aiki, abin da ya rage a lulluɓe ramin wayoyin da takardar jan ƙarfe. In ba ta ko gezau ba, mai yiwuwa wayar da ta tafi gadar tsirkiya, ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a jikin jitar, ce ta tsinke, aikin ɗigon dalma ɗaya.

Ƙugin saurayin nan kuwa, da na bi shi majami'arsu, sai na tarar amfilifaya da cajar waya shida da fitilun ado masu ƙyaftawa duk suna shan wuta a soket ɗaya, janareta kuma ba a kafa masa ƙarfen ƙasa ba. Wannan ya wuce maganar daɗin sauti. Wanda leɓensa ya taɓa makirfo yana riƙe da tsirkiya ya ji tsam, ya san abin da nake nufi, kuma mai gyaran wuta ya kamata a kira a ranar.

Kuskure na biyu, gyaransa ko sisi ba ya ci, shi ya sa ake raina shi: tsayin fikof. Mutum ya ga sukurori biyu a gefe, ya ɗaure har fikof ya kusa sumbatar tsirkiya don yana son ƙarfi. Maganaɗisun kuwa sai ya riƙa jan tsirkiyar, sauti ya mutu da wuri, manyan tsirkiyoyi su dinga rawa kamar ba a saita su ba, ka yi ta murɗa makulli a banza. Danne tsirkiya a gaɓar ƙarshe ta wuya, ka bar tazarar milimita 2 zuwa 2.5 tsakaninta da fikof, ɓangaren masu kauri ya ɗan fi nisa. Daga nan rabin juyi rabin juyi, kunne ke yanke hukunci. Kuma don Allah a canza tsirkiya tukuna. Wadda ta sha damina guda ta Jos da gumin hannu, ko fikof ɗin zinariya ka sa mata dishi-dishi za ta yi.

Sai masu farautar lamba, su ne na fi jayayya da su. An ce wannan 16k ne, wancan 6k, sai a ɗauka mai babbar lamba ya fi. Lambar nan abin da mita ta auna ne na turjiyar wayar, waya in ta fi siranta lambar za ta hau ko da ƙarfin bai ƙaru ba. Gaskiya ne yawan naɗi yana ƙara ƙarfi, amma yana cinye ƙyallin sama, ya bar tsakiya ta yi kauri. Irin wannan an yi shi ne don masu kiɗan rok, masu son amfilifaya ta yi gurnani. Mu fa me muke kaɗawa? Waƙar yabo, hailaif, makosa, kiɗan biki, inda jitar jagora ke tsalle can ƙasan wuya, tilas ta ratsa tsakanin kibod da bes da kalangu a ji ta tar. A ganina, ga wannan aiki, mai naɗi ɗaya na 6k ko hambaka mai sanyin hali ta wajen 8k ta fi waccan zakanya nesa ba kusa ba. Na sha ganin wanda ya sa mai zafi, ya ɓace cikin kibod, ya ƙara murya, mai kibod ya ƙara, aka tashi ba wanda ya ji kowa. Zancen maganaɗisu ma haka: alniko ya fi taushi, siramik ya fi cizo, sai dai bambancin bai kai yadda ake zuzuta shi ba.

Akwai kuma wanda zai sayi daidai ya manta maɓallin murya. Shi ma da lambar turjiyarsa: mai naɗi ɗaya da maɓalli mai 250k ake haɗa shi, hambaka da mai 500k. Ka sa hambaka a kan 250k, sai ta yi kamar an rufa mata bargo. Ka juya lamarin, sauti ya yi ta soke kunne. Fikof masu batir irin na kamfanin EMG kuwa 25k suke so da batir mai bolt 9, kuma muddin kebul na soke batir na ci. Bar shi haka dare da rana, wata rana ana tsakiyar rakiyar amarya zai fara tari.

Sauran ƙanana ne amma suna ɓata rai. Auna ramin jitarka kafin ka saya. Hambaka ba ta shiga gurbin mai naɗi ɗaya sai an sassaƙe katako, alhali akwai hambaka siririya da aka yi daidai wannan gurbin. Na wuya da na gada ba ɗaya ba ne, na gada ake ƙara wa naɗi domin tsirkiya ba ta girgiza sosai a can. Launin wayoyi kowane kamfani da nasa, in ka haɗa biyu sauti ya fito siriri kamar ta hanci, an juya wayar ɗaya ne. Jabu ma ya cika gari: babban suna a kwali, kuɗi kuma na banza, ka sa ayar tambaya. Ƙwanƙwasa shi da farce yana jone, in ya amsa kamar makirfo ba a jiƙa naɗinsa da kakin zuma ba, zai yi ta kuwwa da an ƙara murya.

Saurayin dai mun raba masa soket, mun sauke fikof ɗin wuya juyi biyu, ya sayi kebul da tsirkiya sababbi. Na cikin ledar ma da na gwada, hambaka ne manya, ba su ko shiga ramin jitarsa. Wani mai kaɗa rok a Bukuru ya saye su, da ragin da har yau in mun haɗu a Taminus sai ya yi mini ƙorafinsa.