Hukumar Makarantun Gunduma a Amurka: Abin da Ya Kamata Sabon Zuwa Ya Sani

Iyayen da suka sauka Amurka da yara sukan ɗauka cewa shugaban makarantar da aka sa 'ya'yansu shi ne mai wuƙa da nama, don haka duk wata damuwa wurinsa suke kai ta, in ya ce ba zai iya ba sai su haƙura. Alhali kuwa yawancin abubuwan da suka fi taɓa iyali, kamar makarantar da adireshin gida zai kai yaro, da ko motar makaranta za ta zo unguwa, da yawan malaman da ke koya wa baƙi Turanci, da ranakun hutu, ba a ofishinsa ake yanke su ba. Ana yanke su ne a zaman wata hukuma ta mutane kaɗan, watanni kafin iyaye su ga sakamakon, kuma a ɗakin da doka ta ba kowa izinin shiga.

Tsarin mulkin Amurka bai ɗora wa gwamnatin tarayya nauyin makarantu ba. Nauyin yana kan jihohi, su kuma jihohin sun miƙa gudanarwar yau da kullum ga gundumomin makarantu, waɗanda yawansu ya kai kimanin 13,000 a faɗin ƙasar. Jihar Hawaii ce kaɗai ke da gunduma guda. Iyakar gunduma ba lallai ta dace da iyakar gari ba, shi ya sa gidaje biyu da titi ɗaya ya raba za su iya kasancewa ƙarƙashin hukumomi daban-daban. Kowace gunduma tana da hukumar gudanarwa, galibi mai mambobi biyar ko bakwai ko tara, kuma a mafi yawan wurare mazauna yankin ne ke zaɓensu, sau da yawa na tsawon shekara huɗu. Ba manyan jami'an gwamnati ba ne. Cikinsu akwai iyaye, da malaman da suka yi ritaya, da 'yan kasuwa, kuma da yawansu ba su karɓar albashi ko kuma ɗan alawus kawai ake ba su. Wanda ya saba da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha a Najeriya, inda gwamna ke naɗa shugabanni kuma kuɗi ke gangarowa daga sama, zai ga bambancin a nan: waɗannan mutane amanar masu zaɓe da masu biyan harajin yankinsu ce a hannunsu.

Babban aikin hukumar shi ne ɗaukar mutum ɗaya, wato sufuritanda, babban jami'in da ke tafiyar da gundumar. Ita ke ƙulla yarjejeniyar aikinsa, ita ke auna ƙwazonsa duk shekara, kuma ita ke sallamarsa in ta ga dama. Daga nan sai tsara manufofi, da amincewa da kasafin kuɗi, da sa hannu kan manyan kwangiloli da yarjejeniyar albashi da ƙungiyar malamai a jihohin da ake yin hakan. Sauran aikin, kamar tura malami aji ko tsara jadawalin darasi, na sufuritanda ne da ma'aikatansa. Akwai ƙa'ida ɗaya da ya wajaba mu Hausawa mu riƙe, domin ta saɓa wa abin da muka saba: mamba shi kaɗai ba shi da iko ko kaɗan. Ikon na hukumar ne idan ta zauna ta kaɗa ƙuri'a. Saboda haka kamun ƙafa da mamba guda a wurin biki ko a masallaci don ya sa a canza wa yaro makaranta ba zai haifar da komai ba, iyakarta ya nuna maka ofishin da ya dace. Kyautar girmamawa ma, wadda a wurinmu ladabi ce, tana iya jefa shi cikin matsala, domin dokokin ɗa'ar aiki sun taƙaita abin da jami'i zai karɓa.

Wasu manyan birane da mutanenmu suka fi yawa ba su bin wannan tsari daidai. A birnin New York, inda Hausawan Gana da Nijar da Najeriya ke zaune a wasu unguwannin yankin Bronx, tun 2002 magajin gari ne ke riƙe da makarantu, shi ke naɗa shugabansu da mafi yawan mambobin kwamitin da ke amincewa da kwangiloli da rufe makarantu, sai kuma majalisun iyaye na yankuna 32 da ke da ta cewa kan iyakokin makarantun unguwa. A Chicago an fara zaɓen wasu mambobi a Nuwamba 2024, inda jama'a suka zaɓi goma, magajin gari ya naɗa sha ɗaya. A Houston kuwa, hukumar ilimi ta jihar Texas ta ture zaɓaɓɓiyar hukumar a Yunin 2023, ta naɗa nata mutanen da sabon sufuritanda, abin da ke nuna cewa jiha na iya karɓe ikon da ta ara wa gunduma. Don haka abu na farko da sabon zuwa zai bincika shi ne sunan gundumarsa da yadda mambobinta ke hawa kujera.

Batun kuɗi shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa. Abin da gwamnatin tarayya ke bayarwa bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma ba a yawancin shekaru, kuma an ware shi ne ga takamaiman ayyuka, kamar tallafin makarantun da 'ya'yan talakawa suka yi yawa, da ilimin yara masu buƙata ta musamman, da abincin rana. Sauran kusan raba-daidai ne tsakanin jiha da yankin, kuma kason yankin yawanci daga harajin gidaje da filaye yake fitowa. Wannan ne dalilin da ya sa makarantun unguwar masu tsadar gidaje suka fi samun kayan aiki, kuma Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke a 1973, a wata shari'a daga San Antonio, cewa wannan bambanci bai saɓa wa tsarin mulkin tarayya ba. Mai haya kada ya ce harajin bai shafe shi ba, domin mai gidan ya riga ya lissafa shi cikin kuɗin haya. Dogaro da harajin yankin ne kuma ya sa gundumomi ke tsananta binciken adireshi. Rubuta adireshin ɗan'uwa domin yaro ya shiga makarantar da ta fi kyau abu ne da wasu ke ɗauka dabara, amma in aka gano ana cire yaron, wani lokaci a nemi a biya kuɗin karatun da ya yi, kuma a wasu jihohi maganar takan kai kotu.

Shekarar kuɗi a mafi yawan gundumomi tana farawa ran 1 ga Yuli ta ƙare ran 30 ga Yuni. Sufuritanda yakan gabatar da daftarin kasafi tsakanin ƙarshen hunturu da bazara, a yi zaman jin ra'ayin jama'a, sannan hukuma ta amince kafin shekarar ta shiga. Kimanin kashi 80 cikin 100 na kuɗin gudanarwa albashi ne da haƙƙoƙin ma'aikata, waɗanda yarjejeniya ta riga ta ɗaure su, saboda haka in giɓi ya samu wuƙar takan faɗa kan abin da ya rage: motocin ɗaukar yara, da darasin bayan tashi, da mataimakan malamai, da tafintoci, da jami'an da ke hulɗa da iyalan baƙi. Waɗannan kuwa su ne ainihin abubuwan da sabon zuwa ya fi dogaro da su. Uban da ya zo ƙorafi a watan Satumba cewa an cire motar unguwarsu ya makara, domin tun a Afrilu ko Mayu aka yanke maganar, a zaman da ba a ga kowa daga unguwar ba.

Kuɗin gine-gine kuma asusunsu daban. In ana son gina sabuwar makaranta ko gyara tsofaffi, sai a nemi izinin masu zaɓe a ci bashi ta hanyar sayar da takardun lamuni, a riƙa biya daga haraji na shekaru masu yawa. Masu zaɓen ƙaramar hukumar Guilford, wadda birnin Greensboro ke ciki, inda 'yan Nijar da dama suka zauna, sun amince da irin wannan bashi na dala biliyan 1.7 a 2022. A jihar tasu ta North Carolina hukumar makarantu ba ta da ikon sanya haraji da kanta, sai ta roƙi kwamishinonin ƙaramar hukuma, kuma haka abin yake a Maryland da Virginia, saboda haka mai neman ƙarin kuɗi ga makarantu a waɗannan wurare ƙofa biyu zai buga. A Ohio gundumomi kan koma wurin masu zaɓe a kai a kai neman ƙarin haraji, yayin da a jihar New York, in aka cire manyan biranenta biyar, jama'a ne ke kaɗa ƙuri'a kan kasafin kansa a Talata ta uku ta watan Mayu. Duk shekara kuma masu binciken kuɗi daga waje suna duba littattafan gunduma, rahotonsu ya zama takardar jama'a da kowa ke iya nema.

Akwai wata alaƙa tsakanin gida da asusun makaranta da ba kowa ya lura da ita ba. A jihohi irin su Texas da Kaliforniya, kuɗin da jiha ke bayarwa ya dogara ne da yawan yaran da suka halarci aji kowace rana, shi ya sa ake matsa wa iyaye kan fashin yara. Iyalin da ke shirin tafiya gida na makonni ana tsakiyar zangon karatu su sanar da makaranta a rubuce, su tambayi manufar gundumar, domin dogon fashi na iya sa a cire sunan yaro daga rajista.

A fannin ayyukan yau da kullum, hukumar ce ke amincewa da kalandar shekara, da sake shata iyakokin makarantu, da rufe wata ko haɗe ta da wata, da dokokin ladabtarwa, da kwangilar abinci da sufuri. A nan ne buƙatun iyalan Musulmi ke shigowa. Birnin New York ya sanar a 2015 cewa makarantunsa za su riƙa hutun ƙaramar Sallah da babbar Sallah, bayan shekaru da ƙungiyoyin iyaye suka yi suna nema, kuma gundumomi da dama a wasu jihohi sun bi sahu. Hujjar da ta fi karɓuwa a irin wannan nema ba ta addini ba ce, domin hukuma ba ta da hurumin fifita wani addini. Abin da take iya dogara da shi shi ne yawan ɗalibai da ma'aikatan da ba sa zuwa a ranar. Haka ma maganar abincin halal ko wurin sallah, ta fi tafiya in an zo da alƙaluma da takamaiman buƙata.

Kowace jiha tana da dokar da ta tilasta a yi zaman hukuma a bainar jama'a. A Kaliforniya, dokar Brown ta 1953 ta wajabta a liƙa ajanda awa 72 kafin zama na yau da kullum. Yawancin hukumomi na zama sau ɗaya ko biyu a wata, da yamma, kuma da yawa suna watsa zaman ta intanet. Ana shiga zaman sirri ne kawai kan abubuwan da doka ta lissafa, irin su maganar wani ma'aikaci, ko shari'a, ko ladabtar da wani ɗalibi, ko cinikin fili. Mai duba ajanda ya lura da jerin abubuwan da ake amincewa da su a dunƙule da ƙuri'a ɗaya ba tare da muhawara ba, domin kwangiloli masu nauyi sukan wuce ta nan. Mai son magana yakan rubuta sunansa tun kafin a fara, a ba shi minti biyu ko uku. Doguwar gaisuwa da shimfiɗar da muka saba za su cinye lokacin, gara mutum ya faɗi sunansa da makarantar ɗansa, ya nufi buƙatarsa kai tsaye. In ya gama bai ji amsa ba kada ya ɗauka raini ne, domin a wurare da yawa ba a yarda mambobi su tattauna abin da ba ya cikin ajanda ba. Wanda Turancinsa bai nuna ba ya nemi tafinta kwanaki kafin zaman, musamman da yake samun mai Hausa yakan ɗauki lokaci. A ganina iyaye goma da suka zo tare, biyu suka yi magana, sun fi takardar koke mai sa hannu ɗari tasiri.

Matsalar yaro guda kuwa ba a fara kai ta hukuma. Ana farawa da malamin aji, sannan shugaban makaranta, sannan ofishin gunduma, kuma a kowane mataki a bar shaida a rubuce, ko da saƙon imel ne. Wanda ya tsallake matakan nan mayar da shi baya za a yi.

Akwai haƙƙoƙin da babu hukumar da za ta iya taɓawa. Hukuncin Kotun Ƙoli na 1982 ya hana a hana yaro karatun gwamnati kyauta saboda matsayin takardunsa na shige da fice, hukuncin 1974 kuma, wanda ya taso daga ƙarar ɗaliban Sinawa a San Francisco, ya wajabta wa gundumomi taimaka wa yaran da ba su iya Turanci ba. Yaro mai naƙasa ma yana da haƙƙin a tsara masa shirin karatu na musamman tare da iyayensa.

Halartar zama da magana a cikinsa ba su buƙatar zama ɗan ƙasa, amma kaɗa ƙuri'a a zaɓen mambobi yana buƙata a kusan ko'ina. Wurare ƙalilan ne suka bambanta, kamar San Francisco da ta ba iyayen da ba 'yan ƙasa ba damar zaɓen hukumar makarantu tun 2018, da Chicago inda kowane uba ko uwa ke iya shiga zaɓen majalisar makarantar ɗansa. Ban da irin waɗannan, mai takardar zama ta dindindin ma ya guji rajistar zaɓe, ko da an miƙo masa fom ɗin a ofishin lasisin tuƙi, domin hakan na iya hana shi zama ɗan ƙasa har ya kai ga kora. Waɗanda suka riga suka zama 'yan ƙasa kuma su duba ranar zaɓen gundumarsu da kyau, domin a jihohi da dama ba ya faɗowa tare da babban zaɓen Nuwamba, masu fitowa kaɗan ne, kuma ratar ƙuri'u 'yan ɗaruruwa takan raba kujera.