Masu shirin zuwa Zanzibar ku ji

Jama'a duk mai niyyar zuwa tsibirin Zanzibar da ke Tanzaniya kar ya sa tafiyarsa a Afrilu ko Mayu, ruwan sama ake tafkawa ba kama hannun yaro. Daga Darussalam jirgin ruwa wajen awa 2 ne. In wanka a teku ya kai ka to ka kama masauki a Nungwi da ke arewacin tsibirin, don bangaren Paje da ke gabas ruwan janyewa yake ya yi nisa, sai kai ta jiran ya dawo. Da magariba ku leka Forodhani, dandalin masu sayar da abinci a bakin teku a Stone Town, tsohon garin Zanzibar, akwai gasasshen kifi da ruwan rake, amma fa a tambayi kudi kafin a ci. Gonakin kanumfari ma sun cancanci zuwa. Mutanen garin yawanci musulmi ne, masallatai ko'ina, a sa suturar mutunci.