Kurakuran da malaman sakandare suka fi yi a darasin sauyin yanayi da hadarin damina

Kuskuren da ya fi yawa shi ne cakuɗa yanayin yau da yanayin shekaru. Malami ya ce duniya na ɗumama, ɗalibi ya ce ai hunturun bana da bargo biyu ya kwana, shi ke nan darasi ya tsaya cak. A fayyace tun a makon farko cewa sanyin mako guda ba hujja ba ne. Masana sai sun duba bayanan shekara 30 kafin su ce yanayin wuri ya sauya.

Wasu kuma sukan ɗora laifin ɗumamar a kan hujewar rufin ozon, wato shimfiɗar iskar da ke can sama tana tare hasken rana mai cutarwa, alhali wannan matsala ce daban. Abin da ke riƙe zafi shi ne iskar kabon da ke fita daga ƙona fetur da kwal da gas, da sare dazuzzuka. Kafin zamanin masana'antu kashi 280 ce cikin miliyan na iskar da ke kewaye da duniya, yau ta haura 420.

Inda aka fi yin asara shi ne a ce wa yara "zafi na kawo ambaliya" a wuce, ba a nuna ta yaya ba. Duk ƙarin zafin digiri ɗaya na sa iska ta iya ɗaukar ƙarin tururin ruwa kusan kashi 7 cikin ɗari, don haka in hadari ya haɗu, ruwan da zai juye a sa'a guda ya fi na da. Wani bincike da aka fitar a 2017 ya nuna manyan hadura a yankin Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Wannan ne ke warware tambayar da ɗalibai masu kaifin basira suke yi: yaya za a yi kukan fari da ambaliya a damina ɗaya? Ruwa na iya ɗaukewa mako biyu, shuka ta yi yaushi, sannan a sheƙa na wata guda cikin dare ɗaya, a kan ƙasar da ta bushe ta ƙi sha.

Amma kada a jingina kowace ambaliya ga sauyin yanayi kaɗai. A Maiduguri, a watan Satumban 2024, ruwa mai yawa ya sauka, kuma madatsar Alau ta ɓalle. Toshewar magudanai da leda da gini a kan hanyar ruwa su ma suna da hannu a garuruwa da dama. A sa ɗalibai su ware abin da sama ta kawo da abin da mutane suka jawo.

Darasin allo kaɗai ba ya zama. A haɗa ma'aunin ruwan sama: a yanke saman gorar roba mai miƙaƙƙen jiki, a kifa shi ciki ya zama mazurari, a zuba tsakuwa da ruwa har su shafe gindin mai lanƙwasa, nan ne sifili, sannan a manna rula. A ajiye a fili, nesa da bishiya da indararo, a riƙa karantawa kullum ƙarfe 8 na safe, a mayar da ruwan kan sifili. In an manta, lissafin gobe ya ɓaci. Milimita ɗaya lita ɗaya ce a kowace murabba'in mita. Rufin aji mai mita 8 da 9, in an yi ruwan milimita 50, ya zubo lita 3,600, wato jarka 144 ta lita 25. A kwatanta abin da aka tara da hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitarwa duk shekara.

Sai tsoratar da yara ba tare da an ba su abin yi ba, wanda zalunci ne. A koya musu ƙirga daƙiƙu tsakanin walƙiya da tsawa: daƙiƙa uku na nufin nisan kilomita ɗaya, in bai kai daƙiƙa 30 ba a shige ɗaki, ba gindin bishiya ba. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 yana iya kayar da babban mutum, saboda haka in kwalbati ta cika bayan an tashi makaranta, a jira ya janye kafin a tsallaka.